Teku Ba Gonar Kowa Ba Ce

Daga wani ɗalibi na Aji Biyar

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda da farko za ku ce ba ta shafe mu ba. Maganar kuwa ita ce ta bakin teku. Na sani yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a taswira, a darasin labarin ƙasa, inda ake shafa masa shuɗin launi. Daga Kano zuwa Ikko ta hanyar jirgin ƙasa wajen mil 700 ne, saboda haka wani zai ce ina ruwan biri da gada. Amma ƙasarmu tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma gaɓar nan ta ɗan Sakkwato ce kamar yadda take ta ɗan Badagiri. Ra'ayina shi ne bai kamata a karɓi ko kwabo a hannun mutum don ya tsaya a kan rairayi ya dubi ruwan da Allah ya shimfiɗa ba. Ga dalilaina, kowa ya auna.

A dogon hutun da ya wuce na je wurin kawuna, wanda yake zaune a Agege, yana kuma fatauci tsakanin Ikko da Lome. Tun ranar da na sauka nake damunsa da maganar teku, har ran nan ya gaji ya ce mu shirya. Muka ɗunguma mu bakwai, da shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu da ni, muka sha cunkoson motoci na wajen awa uku, muka isa wani bakin teku a can wajen Lekki. Abin da ya fara tarbarmu katanga ce da ƙofa, da waɗansu samari zaune a kan benci. Suka ce naira 2,000 kowane kai, ban da kuɗin ajiye mota, kuma in mun zo da abinci shi ma sai an biya masa. Kawu ya yi lissafi, ya ga naira 14,000 ke nan tun ba mu ga ko kumfar ruwa ba. Ku tuna mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Watau leburan da ya ce zai kai iyali irin namu, kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa zai bari a ƙofa. Kawu ba matsiyaci ba ne, yana da halin biya, amma ya ce ba zai biya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, yi haƙuri. Mako mai zuwa zan kai kaya Lome, can zan nuna maka teku yadda na san shi ina yaro."

Haka kuwa aka yi. Muka bi ta Badagiri da Seme da Kwatano, muka shiga ƙasar Togo, muka sauka a Zango, a arewacin birnin Lome, inda Hausa take tashi kamar kana Fagge. Ranar Lahadi da hantsi mai masaukinmu ya haɗa mu da 'ya'yansa biyu muka nufi bakin ruwa.

Ba ƙofa, ba katanga, ba mai benci. Babban titi ne ya miƙe tun daga kan iyakar Gana har tashar jiragen ruwa, a hannu ɗaya gidaje da ofisoshi, a ɗaya hannun itatuwan kwakwa da rairayi. Ka sauka daga mota, ka tsallaka titi, ka cire takalmi, shi ke nan. Gani ya kori ji. Na daɗe tsaye ban ce uffan ba, don duk ruwan da na sani a duniya yana da tsallake, wannan kuwa ba shi da shi. Can nesa ga manyan jiragen ruwa jere suna jiran a ba su izinin shiga tasha, kai ka ce gidajen bene ne aka ɗora a kan ruwa. Ƙarar kuma ba ta yankewa. Raƙumin ruwa ya taso ya tanƙwara ya faɗi, kafin kumfarsa ta koma wani ya taso.

Wani abin mamaki shi ne yanayin wurin. Watan Agusta ne, lokacin da damina ta kankama a wurinmu, amma a can ruwan sama ɗaukewa yake yi a wannan wata, gari ya yi luf, iska mai sanyi tana busowa daga teku. Da na sa ƙafa a ruwan na ji shi da sanyi fiye da yadda na zata. Daga baya malaminmu na labarin ƙasa ya bayyana mini cewa daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yakan taso sama a gaɓar Gana da Togo, ya zo da abincin kifi, shi ya sa lokacin ne kakar masunta. Na ɗanɗana ruwan kuma, ba shiri na tofar. A kowace lita akwai gishiri wajen giram 35.

Masuntan nan su suka fi ɗauke mini hankali. Tun da sassafe sun kai taru can cikin ruwa da kwalekwale, suka dawo da bakin igiyoyi biyu gaɓa. Mutum wajen talatin a kowace igiya, suna ja suna waƙa da harshensu, wani yana kaɗa musu ƙarfe. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki, ya koma gaba ya sake kamawa. Aiki ne na awoyi. Duk mai wucewa yana iya sa hannu, ba mai tambayarsa daga ina yake. Ni da 'ya'yan mai masaukinmu muka kama, muka ja har tafin hannuna ya yi ja wur. Da tarun ya fito mata suka kewaye shi da kwanoni, aka yi ta ciniki, mu kuma wani dattijo a cikinsu ya damƙo ƙananan kifaye ya zuba mana a leda, ladan jan igiya. Ban ji abin da ya ce ba, shi ma bai ji godiyata ba, amma mun fahimci juna.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan tekun, don mun koya a darasin addini cewa mai tsarki ne, muka juya wa ruwan kafaɗa muka fuskanci alƙibla a kan rairayi. Ba wanda ya ko kalle mu. Muka ci kifinmu da wata mata ta soya mana, muka sha ruwan ɗanyar kwakwa. Kawu ya nuna mini ragowar ƙarafan tsohuwar kwata da suka miƙe cikin ruwa, duk sun yi tsatsa. Jamusawa suka gina kwata a wurin a 1904, Faransawa suka gina wata a 1928, aka daina amfani da ita bayan an buɗe sabuwar tasha a 1968. Zuwa la'asar wuri ya cika maƙil. Ga masu ƙwallo, ga masu tsere, ga masu tallan gyaɗa da ƙanƙara, ga mai tsire, wanda ko ban faɗa ba kun san mutumin ina ne. Na ga mutum ya fito daga tsaleliyar mota ya shimfiɗa tabarma, kusa da shi kuma ga ɗan dako ya kishingiɗa a kan buhunsa, iska ɗaya suke sha. Duk abin da muka kashe a ranar kuɗin mota ne da na ciki.

To, abin tambaya a nan, me ya sa Togo, wadda gaɓarta duka ba ta kai kilomita 60 ba, ta iya barin bakin tekun babban birninta a buɗe, mu kuwa masu 853 muka kasa?

Da ba haka Ikko take ba. Duk wanda ya zauna can a zamanin iyayenmu ya san Bar Beach, a tsibirin Victoria, daidai gefen titin Ahmadu Bello. Kawu ya ce nan ne filin kowa da kowa. Ranar salla da ranar Kirsimeti ba masaka tsinke. Akwai masu dawakai, yawancinsu mutanenmu, suna ɗora yara suna zagayawa da su, akwai masu fararen riguna suna addu'o'insu a gefe guda, kuma ba a biyan komai. Har abin da ba shi da daɗin ji a nan ake yinsa, don a nan ne aka harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a 1971, a gaban dubban mutane. Ban kawo wannan don yabo ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ita kanta gwamnati ta san wurin a matsayin dandalin jama'a.

Abin da ya ci Bar Beach yana da tarihi, kuma ya kamata mu masu karatun labarin ƙasa mu san shi. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana kwasar rairayi daga yamma tana kai shi gabas, dare da rana. Tun kafin yaƙin duniya na farko Turawa suka gina dogayen ganuwoyi na duwatsu a bakin mashigin Ikko, don kada rairayi ya toshe wa jirage hanya. Ganuwar ta yi aikinta, ta tare rairayi a yamma. Amma Bar Beach yana gabas, ruwa yana ɗiba ba a mayarwa. Shekara da shekaru teku yana cin gaɓa, gwamnatoci suna zuba rairayi yana kwashewa, har ya kai ga ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello yana shiga gidaje. Abin da ya faru a Lome ma ke nan, sai dai su sun yi sa'a birninsu yana yamma da tashar jiragen. Rairayin da na zauna a kai ƙaruwa ya yi saboda ganuwar tasha, alhali garuruwan da ke gabas, wajen Aneho, suna ta asarar gidaje da gonakin kwakwa.

A 2008 aka fara cike gaban Bar Beach da rairayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin teku, aka kewaye shi da babbar ganuwa, aka sa wa sabuwar ƙasar suna Eko Atlantic. Faɗin da aka tsara mata ya kusa murabba'in kilomita 10. Gaskiya ɗaya ce, ganuwar nan ta ceci tsibirin Victoria daga ambaliya, kuma ba mai hankalin da zai ce da an bar ruwa ya ci gari. Amma da aka samu sabuwar ƙasa mai wannan girma, ashe ba a iya yanke ko kilomita ɗaya a bakin ruwa a ce wannan madadin Bar Beach ne, na jama'a ne ba? An karɓi filin talakawa, an mayar da shi filin da talaka ba ya iya sayen ko taku ɗaya a cikinsa. Bakin tekun Kuramo da ke kusa shi ma an rushe shi a 2012, bayan ruwa ya yi toroƙo ya tafi da mutane. Abin da ya rage sai wuraren da ke bayan katanga.

Na san amsar da masu katanga za su bayar, don na ji ta daga bakin wani abokina a ɗakin kwananmu, wanda muka kusa raba dare muna gardama. Ya ce kuɗin ƙofa shi ke biyan masu shara da masu gadi da masu ceto, kuma duk abin da aka ce na kowa ne, to, ba na kowa ba ne, lalacewa yake yi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Bakin tekun Lome ba aljanna ba ne. Akwai wuraren da ledoji da robobi suka rufe rairayi, akwai inda magudanar gari take zubowa, dole ka toshe hanci ka wuce. Mai masaukinmu ya gargaɗe mu kada magariba ta same mu a can saboda ɓarayi. Ban ga mai ceto ko ɗaya ba a inda muka zauna.

Batun ceto kuwa ba na wasa ba ne. Tekun wannan yanki yana da mugun ja. Ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa yakan nemi hanyar komawa, sai ya haɗu a wuri guda ya yi wani siririn kogi mai gudu zuwa ciki. Abin haushi, wurin nan shi ya fi kama da wuri mai lafiya, don raƙuma ba su cika fashewa a kansa ba. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi kokawa da ruwan ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya zai yi ya nutse. Dabara ita ce ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Wannan gargaɗi ne musamman ga irinmu da muka koyi iyo a kududdufi da gulbi muna ganin mun iya. Kawu bai bar ruwa ya wuce mini gwiwa ba, masunta ma da suka ga wani yaro yana kutsawa tsawa suka daka masa.

Duk da haka ban yarda maganin waɗannan abubuwa shi ne katanga ba. Kasuwa tana ƙazanta, amma ba a taɓa cewa sai ka biya kafin ka shiga kasuwa ba. Masu rumfuna ake karɓa wa, a biya masu shara. Haka ya kamata a yi a bakin teku. Mai sayar da abinci ya biya, mai hayar kujera da laima ya biya, mai doki ya biya, mai otal ɗin da ke cin ribar kallon ruwa ya biya ninki. Wanda yake son kujera ya saya, wanda ya zo da tabarmarsa a ƙyale shi. Aikin mai ceto kuma irin na ɗan kwana-kwana ne, ba a tambayar wanda gidansa ke cin wuta ko ya yanki tikiti. Gwamnati tana karɓar haraji, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ba kuma sabon abu nake nema ba. A Faransa dokar 1986 ta tabbatar cewa masu tafiya a ƙasa suna da ikon shiga bakin teku kyauta. A Barazil dokar 1988 ta sa bakin teku cikin dukiyar jama'a, shi ya sa attajiri da ɗan unguwar talakawa suke haɗuwa a rairayi ɗaya a birnin Riyo. A Afirka ta Kudu kuwa, zamanin mulkin wariyar launin fata, alluna aka kakkafa a bakin teku masu hana baƙar fata shiga, sai a 1989 aka buɗe wa kowa. Ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan a kawar da wannan mulki. Ba na cewa kuɗin ƙofa da wariyar launi abu ɗaya ne, wancan ya fi muni nesa ba kusa ba. Amma yaron Agege da aka mayar daga ƙofa, shi dai abin da ya sani shi ne ga teku can, kuma an ce ba nasa ba ne. Ko a dokarmu, Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, don amfanin 'yan Nijeriya duka. Mai riƙon amana ba ya sa wa masu kaya kuɗin kallon kayansu.

A al'adarmu ma mun san wannan tun kafin a rubuta doka. Mutum yana iya mallakar gona har bakin kogi, amma ba ya toshe mashaya, ba ya nome burtali. Filin idi da dandali ba su da mai su. In ka duba garuruwanmu yanzu, filayen da yayyenmu suka yi ƙwallo a ciki nawa ne aka yanka aka yi kantuna? Halin da ya kewaye teku da katanga shi ne yake cin filayen nan, sai dai can ya fi kuɗi.

Akwai wata damuwa da na san tana zukatan iyayenmu, ita ce cewa bakin teku wurin tsiraici ne da shashanci. Iyaye, a gafarce ni, abin da idona ya gani a Lome iyalai ne da tufafinsu, kaka da jikoki, mata da lulluɓinsu suna raba abinci. Masu shiga ruwa kaɗan ne, yawanci kallo da shan iska suka zo yi. Inda aka buɗe wa kowa, idon jama'a shi ne mai tsaro, yaro ba ya sakewa ya yi abin kunya don bai san ko maƙwabcin babansa yana bayansa ba. Kiɗan da ke fasa kunne da kwalabe, a bayan katangar nan ta Lekki na jiyo su tun daga ƙofa.

Yanzu ana gina babbar hanyar da za ta bi gaɓa daga Ikko zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700, wadda aka fara a 2024. A watan Afrilu na wannan shekarar aikin ya bi ta kan wuraren shaƙatawa na bakin teku a Ikko, aka rushe waɗansu, masu su suka yi ta kuka a jaridu. Ban ji an yi kuka irin wannan domin waɗanda tun da ma ba su iya shiga ba. Hanyar nan za ta sa filayen da ke gefenta su yi tsada, kuma duk wanda ya saya abin da zai fara yi shi ne katanga. In za a keɓe wa jama'a wuri, yanzu ne lokacinsa, tun ba a gama rabo ba. Abin da nake so a sa a doka bai da yawa: kowane gari da hanyar ta ratsa a bar masa fili a bakin ruwa wanda ba a sayarwa, da hanyar ƙafa mai kaiwa gare shi daga titi, da makewayi, da famfo, da mai ceto a kan hasumiya ranakun Asabar da Lahadi da ranakun salla. 'Yan majalisar da za su iya kawo wannan magana ba na jihohin bakin teku kaɗai ba ne. Namu ma suna zaune a zauren nan, kuma dubban mutanen da suka zaɓe su suna da 'ya'ya a Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda aka haifa tafiyar awa ɗaya ko biyu daga teku, har suka yi wayo ba su taɓa taka rairayinsa ba.